Sawun da Ya Tsiro

Ranar Litinin da safe muka tarar an sare gabaruwar. Babana ne ya fara isa wurin, ni ce ta biyu, shi ya sa tun kafin rana ta yi zafi aka samu wuyan da za a rataya wa laifin.

Cibiyarmu ta binciken itatuwa ce, dangin gabaruwa: gawo, ɗorawa, ƙirya, dakwara, farar ƙaya da sauran 'yan uwansu. Muna auna su, mu raba su gida-gida, mu duba ƙwayoyin gadonsu, mu ga wanne ya fi yi wa majemi amfani, wanne ya fi yi wa mai awaki. Itatuwa sun fi dubu biyu a filin, amma guda ɗaya ce aka kewaye da waya har da ƙofa da kwaɗo. Ita ce gabaruwa mara ƙaya, wadda mataimakin shugaban cibiya ya ce ya gano shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Da ita ya zama Farfesa. Ya rubuta cewa sabon jinsi ce, ya raɗa mata sunan kimiyya, ya liƙa nasa sunan a wutsiya. Duk babban baƙon da ya zo sai Farfesa ya kai shi da kansa, ya miƙa masa reshe ya shafa, a yi mamaki, a ɗauki hoto.

To ga ta nan ƙasa. An sassare rassan an tara a kan kututturen, an zuba fetur an cinna wuta. Ruwan yammacin Lahadi ya kashe wutar, amma bayan ta cinye ganye da ƙananan rassa. Gatarin Baba na yashe a gefe. Kwaɗon a buɗe yake, ba fasa shi aka yi ba, kuma makullai biyu ne kacal: ɗaya wajen Farfesa, ɗaya wajen Baba, mai renon dashe, wanda ke shiga duk Asabar ya yi mata shara da ban-ruwa.

Na ruga ɗakin gwaji, inda nake aiki, don in kira Dakta, sai na ga kwalbar irin gabaruwar ba ta kan kantar da muke ajiye ta. Dakta sabuwa ce, bara ta zo, kuma ita ce ta farko da ta taɓa tambayar dalilin da ya sa ba a taɓa shuka irin bishiyar nan ba. Kullum da labarin da ake bayarwa: bana ƙwari sun ci, bara iri bai ƙosa ba, wata shekara Farfesa ya sa a kakkaɓe 'ya'yan tun suna ɗanye wai don kada a sace. Ta kafe sai da ya yarda, bisa sharaɗin Baba kaɗai zai shiga ya ɗaura jakunkunan raga a kan 'ya'yan. Ƙwaya ɗari huɗu muka samu. Ranar Litinin ɗin nan za mu shuka su, mako na gaba kuma a tsinki ganye a aika gwajin ƙwayoyin gado. Yanzu ba uwa, ba 'ya'ya.

*

Ƙarfe goma aka tara mu a ofishin Shugaba. Farfesa yana share ido da farin hankici, yana cewa, "Ɗana aka kashe, ranka ya daɗe. Ɗana na cikina." Sannan ya juyo ya nuna Baba da hankicin. "Gatarinsa ne. Makulli na hannunsa. Ɗakin gwaji kuwa 'yarsa ce a ciki, kuma kowa ya san ƙusar da ake rataye makullin. Ya sayar wa wani irin, ya kashe bishiyar don kayan su yi tsada. Me kuma ake nema?"

Nan take kowa ya zama mai shaida. Direban da Baba ke ba dashen mangwaro kyauta ya ce dama ya lura tsohon ya cika shiru kwanan nan. Mai shara ta ce ta taɓa ganinsa da sabon takalmi. Sabon takalmi! Ni na saya masa. Na miƙe zan yi magana, Dakta ta danne min kafaɗa.

Shugaba ya tambayi Baba abin da zai ce. Baba ya ɓoye hannuwansa a bayansa, ya ce, "Ban sare ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, ranka ya daɗe."

Aka dakatar da shi, aka ce kwamiti zai zauna bayan mako uku. Ba a kira 'yan sanda ba, don Farfesa ya ce kada sunan cibiya ya ɓaci. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana cusa ƙasa a leda, saura wata bakwai ya yi ritaya. In kwamiti ya tabbatar, zai fita daga gidan ma'aikata da sunan ɓarawo, kuma da sunan nan za a binne shi. Ban san wanda na fi jin haushi ba ranar, masu ƙaryar ko shi da ya tsaya kamar an dasa shi.

*

Da la'asar na tafi wajen Kawu, yayan marigayiya mahaifiyata. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun masu sare itace da ɓarayin shanu. Ana ce masa Duƙau, don ko a kan kwalta yake tafiya kansa na ƙasa. Ba su cika ga-maciji da Baba ba. Kawu na cewa ƙanwarsa ta auri mutumin da ko sauro ne ya cije shi sai ya ba shi haƙuri.

Na zayyana masa komai ina huci. Ya bari na gama, ya ce, "An yi ruwa bayan ta'asar?"

"An yi, Kawu."

"To me kike so in bi? Kwaɗi?"

"Kawu, in ba za ka je ba ka faɗa min, ba ba'a na zo ji ba."

Ya dube ni ya ce, "Bakin uwarki sak." Ya ɗauki sandarsa.

Washegari Dakta ta shigar da shi a matsayin baƙonta. Ya daɗe tsugune gaban kututturen, yana bin wuraren saran da ɗan yatsa. Ya ce, "Sara arba'in da wani abu, a inda shida za su isa. Wani sama, wani ƙasa, wani ma ƙasar ya sara. Wanda ya yi wannan rabonsa da gatari ya daɗe, in ma ya taɓa riƙewa. Ubanki ko yana barci ba zai yi wannan ƙazantar ba."

Na ce, "To mu je mu gaya wa Shugaba!"

"Ki gaya masa me? Za su ce da gangan ya yi don a ce ba shi ba ne. Masu biro ba sa karanta itace."

Ya juya wani guntun reshe da wuta ba ta gama ci ba, ya kai shi kusa da ido, ya jefa a aljihu. Daga nan muka biya gida. Da suka gaisa da Baba, Kawu ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, ya juya tafin yana kallo. Hannun Baba duk tabo ne, ƙanana-ƙanana, tsofaffi da sababbi. Ni tun da na saba ganinsu ban taɓa tambaya ba.

Kawu ya ce, "Suruki, wace bishiya ka fi yi wa hidima a wurin nan?"

Baba ya zare hannunsa ya ce, "Duk ɗaya suke." Ya shige ɗaki.

*

Maigadi muka fara tambaya. Ya rantse ba wanda ya shiga ta babbar ƙofa ranar Lahadi, ba wanda ya fita. Motar Farfesa ma tana gaban gidansa, can ƙarshen fili, ba ta motsa ba. Ya ga hayaƙi wajen la'asar, ya ɗauka ciyawa ake ƙonawa, kafin ya yi shawarar tashi hadari ya haɗo.

Kawu ya ce, "Kafin ka yi shawarar tashi. Allah ya ba mu aikin gadi."

Ran nan kuma labari ya sake salo. Direba ya zo da gudu wai an kama wanda ya sayi irin: majemin da ke bayan waya, an gan shi da buhu cike da 'ya'yan gabaruwa. Kafin mu isa ma'aikata sun kewaye shi, sun zazzage buhun a ƙasa. Na yarda, ni ma raina ya so ya zama shi ne. Kowa ma ya zama, in dai ba Baba ba.

Majemin ya tsaya da hannuwansa baƙi ƙirin, yana masifa. "Shekara nawa ina tsintar abin da iska ta zubo waje, wa ya taɓa hana ni? Fatata ina ruwanta da ƙaya ko rashin ƙaya? Jima nake yi, ba hoto nake ɗauka ba! Wa ke yanka saniyar da yake tatsa?"

Kawu ya damƙi 'ya'yan ya murza, duk suna cikin kwansonsu, wasu ma na bara ne. Ya ce a mayar masa da kayansa. Da mutane suka watse ya tambaye shi ko ya taɓa ganin wani abu a wajen bishiyar.

"Ni dai abin da na sani, duk Asabar tsohon nan na fitowa daga wayar da wani gwangwani, ya zaga bayan rumfa ya ƙona abin da ke ciki. Na ɗauka turaren ƙwari ne."

Na ce ƙarya yake yi. Kawu ya ce min in rufe masa baki.

Farfesa kuwa minti biyar ya ba mu, yana tsaye. Ya dubi takalmin robar Kawu ya ce, "Malam, nan wurin kimiyya ne, ba dajin shanu ba. Ka san ma mene ne jinsi?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na zo koyo. Irin nan da aka sace, in ɓarawon ya shuka, kwana nawa zai fito?"

Farfesa ya yi dariya. Ba abin da yake so kamar a tambaye shi abin da ya sani. "Ka ga jahilcin ke nan. Ƙwayar gabaruwa ɓawonta kamar dutse yake, ruwa ba ya ratsa shi. Sai ta shekara biyar a ƙasa ba ta motsa ba, in ba ta bi ta cikin akuya ba ko an jiƙa ta a ruwan zafi. Je ka duba allon ɗakin gwaji, ranar Litinin ne za a jiƙa su. Ba a kai ga yi ba."

Kawu ya yi godiya har da rusunawa. Ya miƙa hannu, Farfesa ya ba shi 'yan yatsu biyu na hagu, dama na cikin aljihu.

*

Muna fita na ce, "Ba haka ba ne ma."

"Mene ne ba haka ba?"

"Ruwan zafin. Butar lantarkinmu ta ƙone tun Alhamis. Na rubuta a sayo wata, takardar na kan teburin Farfesa har yau ko kallonta bai yi ba. Da na ga Litinin za ta zo ba buta, sai na shigo ranar Asabar na zauna da abin yanke farce, na ɗan ɓantare gefen kowace ƙwaya. Ɗari huɗu, ɗaya bayan ɗaya, har yatsana ya yi kanta. In aka yi haka ruwa na taɓa su za su tashi. Duk wahalar nan ta tafi a banza."

Kawu ya tsaya cak. "Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Ko Dakta sai ranar Litinin na so in faɗa mata."

"In an kalli kwalbar ana ganewa?"

"Sai wanda ya ɗauki ƙwaya ya duba da kyau."

Sai ya bushe da dariya, har yana dogara sanda. Ya je ya ce wa Dakta ta san dabarar da za ta yi a hana masu yankan ciyawa taɓa filin har kwamiti ya zauna. Ta rubuta cewa tana nazarin ciyayin damina, Farfesa da kansa ya sa hannu.

Daga nan Kawu ya daina aiki, ko kuwa haka na gani. Kullum da safe zai zo ya zaga fili kansa a ƙasa, ya tsinci wani abu ya sa a kwalin ashana, ya zauna gindin gawo ya yi gyangyaɗi. Kwana biyar, kwana goma, kwana goma sha biyar. Ma'aikata suka sa masa suna sabon maigadi. Baba ya daina fita ko ƙofar gida, abinci sai ya tsakura ya ture. Maƙwabciyarmu ta fara auna tagoginmu da ido, don ta ji gidan zai tashi.

Rana ta goma sha bakwai na same shi gindin gawon na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce an bar jaki ana dukan taiki, shi kuma yana nan yana minshari. Na ce da uwata na da rai da ba zai yi mana haka ba.

Ya buɗe ido ɗaya. "Kin gama? Sawu iri biyu ne, 'yar nan. Akwai wanda ruwa ke sharewa, akwai wanda ruwa ke fitarwa. Nawa ya fito tun kwana na shida. Jira nake ya yi haƙora."

"Kawu, ka yi min Hausa."

"Ranar kwamiti ki zo da abin yanke farcenki. Kuma ki zo da haƙuri, don za ki ji abin da ba ki so."

*

Ranar kwamiti aka cika ɗakin taro: Shugaba, Farfesa, Dakta, maigadi, direba, har majemi an kira. Baba na zaune a kujerar tsakiya, hannuwansa cikin aljihu. Farfesa ya fara karanta takarda mai shafi shida. Yana shafi na biyu Kawu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya zama a ɗaki ba. Shaidata tana waje, kuma ba ta iya tafiya. In an yarda a taka."

Farfesa ya ce wannan raini ne. Dakta ta ce baƙonta ne, kuma irinta aka sace. Shugaba, wanda shafi huɗun da suka rage suka fi ba shi tsoro, ya ce a je.

Kawu ya kai mu ƙofar baya ta ɗakin gwaji, inda wata siririyar hanya ta ratsa cikin gabaruwoyi na gama-gari. Ba mai binta, don ba ta zuwa ko'ina sai bayan gidan Farfesa, shi kuwa ko taku ɗari ne sai da mota. Kawu ya buɗa ciyawa da sanda. Ga 'yan tsirrai nan cunkus, sun kai ashirin, tsawon ɗan yatsa, da 'yan ganyayyakinsu masu kama da gashin tsuntsu. Ya yi taku bakwai ya sake buɗawa, ga wani cunkus. Taku bakwai, wani. Duk a hannun dama.

Farfesa ya ce, "Tsiron gabaruwa a ƙarƙashin gabaruwa da damina! Wannan ne shaidar? Awaki ne suka kawo."

Kawu ya ce, "Maigadi, akuya na shiga nan?"

"Ko ɗaya. Wannan kam ina tashi in kora."

"Kuma akuya ba ta ƙirga taku bakwai," in ji Kawu. "Mutum ne, mai gajeren taku, yana sauri don hadari ya taso, kwalba a hagu, yana ɗiba da dama yana watsawa." Ya ciro kwalin ashana ya juye a tafin Dakta. Ɓawon iri ne, wanda tsiro ke ɗagowa a ka in zai fito. Kowane da ɗan gibi a gefe, mai lanƙwasa, iri ɗaya. "'Yar nan, kawo abin aikinki."

Na miƙa abin yanke farcen. Dakta ta ɗora bakinsa a kan gibin, ya zauna daidai. Na faɗa musu zancen buta da aikin Asabar. Ina magana ina kallon Farfesa, na ga lokacin da maganar ta isa gare shi, don hankicin ya tsaya a iska.

Muka ci gaba da bin koren layin, manya da ƙanana, kowa kansa a ƙasa kamar Duƙau. Ya ƙare a ƙofar baya ta gidan Farfesa, mai waya da kwaɗo. Ta cikin wayar ana hango famfo, gindinsa kuwa tsirrai sun fi hamsin, sun yi kore shar.

"Nan aka ɗauraye kwalbar, na ƙasan suka zube," in ji Kawu. "Makullin wannan ƙofar nawa ne, ranka ya daɗe? Shi ma suruki na da ɗaya?"

Kawu ya ci gaba.

"Da jahili ne irina, da rijiya zai jefa su, ko ya kai gida. Sai masani ne ya san irin gabaruwa na shekara biyar a ƙasa bai ce uffan ba. Sai masani ne ya san ba inda ya fi ɓoye shi kamar cikin dubban 'yan uwansa da ke zube a nan. Wutar ta riga ta mutu, ruwa na sauka, ya duba allo ya ga ba a jiƙa ba, ya watsar hankalinsa kwance. Da ya sa hannu a takardar buta, ko da ya leƙa ɗakin gwaji sau ɗaya ya ga abin da ƙananan ma'aikata ke yi, da yau ba mu nan. A ciro hannun daman Farfesa daga aljihu ma, mako uku bai isa bororon gatari ya ɓace ba."

Shugaba ya ce, "Amma don me? Mutum ya kashe abin da ya ɗaukaka shi?"

Kawu ya ce, "Shi ya sa na jira mako uku. Dakta, ke ce mai ido."

Dakta ta durƙusa ta tuge tsiro ɗaya, ta ɗaga shi a rana. A gindin kowane ganye ga ƙayoyi biyu, sirara, ba su gama ƙwari ba, amma ƙaya ce. Ta tuge wani, ta tuge wani. Kawu ya ciro guntun reshen nan daga aljihu ya nuna mata 'yan tabo biyu-biyu a jikinsa, inda aka datse da almakashi.

Ta miƙe a hankali. Ban taɓa jin muryarta haka ba. "Shekara goma sha ɗaya. Ɗalibai nawa suka rubuta jarrabawa a kan bishiyar nan? Makiyaya nawa aka yi wa alkawarin dashe? Na bar aikina na zo nan saboda gabaruwar da ake yi wa aski!"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Farfesa ya juya ya nuna Baba, yana ihu. "To ku tambaye shi wa ke askin! Ni na taɓa riƙe almakashi? Shi ne! Duk Asabar! In ƙarya ce tare muka yi ta!"

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ga Baba ya ciro hannuwansa daga aljihu, ya shimfiɗa su a gaban Shugaba.

"Ni ne," ya ce. "Ya ce in riƙa datse na sababbin rassa tun suna da taushi, in ƙone, don kada baƙi su soke. Na datse. Amma ban sare ba."

*

Kwamiti ya wanke Baba daga sata da sara. Zancen almakashi aka rubuta cewa umarni ya bi, aka bar shi ya ƙarasa watanninsa bakwai. Farfesa aka ce ya tafi hutu har a gama bincike, irin hutun da ba a dawowa. Direba ya zo har gida yana cewa shi dama bai taɓa yarda ba. Ban ba shi ko ruwa ba.

Kowa ya ce in yi murna. Ni kuwa wuta ce a cikina. Da yamma na samu Baba a bayan gida yana cusa ƙasa a leda, don Dakta ta ce a kwashe tsirran duka a rene su, ƙaya ko ba ƙaya, iri ne. Kawu na zaune a kan turmi yana shan shayi.

Na ce, "Baba, don kada baƙi su soke? Kai da ka san gabaruwa tun ban zo duniya ba? Ka san ƙarya ake yi."

Bai ɗago ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar farko. Da na ga an buga hotonta a takarda."

"Ka sani ka yi shiru! Ka bar ni ina ɓantarar iri ɗari huɗu kamar mahaukaciya! Aka kira ka ɓarawo a gaban mai shara, kalma ɗaya za ka faɗa ka tsira, ka ƙi! Me ya ba ka? Me ya taɓa ba ka in ba tabo ba?"

Ya ɗaure bakin ledar, ya jera ta kusa da 'yan uwanta.

"Shekara ta uku na je na ce masa na gaji, zan faɗa. Ya buɗe durowa ya ciro takardarki ta neman aiki, wadda ta yi wata tara a wurinsa. Ya sa mata hannu a gabana. Ya ce hannun da ya sa, shi zai iya cirewa." Ya ɗauki wata ledar. "Ranar da aka tara mu ma ya tare ni a baranda ya tuna min. Ni saura wata bakwai. Ke saura shekara talatin."

Shekara takwas ina taƙama da farar rigata, ina ce wa mutane ni ba wanda ya tsaya min, takarduna ne suka yi magana.

Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Na daɗe ina cewa ƙanwata ta auri rago. Ashe wawa ta aura. Da ɗan dama." Ya miƙa wa Baba kofin, abin da bai taɓa yi ba.

Baba ya sa hannu zai karɓa, na riga shi, na kama hannun na juya tafin. A gindin babban yatsa akwai wani baƙin ɗigo da ya kumbura, ƙaya ce ta karye a ciki tun Asabar ɗin ƙarshe. Na ɗauko allura da abin yanke farcen nan, na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Bar ta, za ta fita da kanta."

Na ce, "Baba, wallahi in ka sake ce min in bar wani abu ya fita da kansa, sai na tara maka unguwa."

Ya bar min hannun. Ina tona ina masifa, ina share ido da kafaɗa, har ƙayar ta fito.